Sikelin auna kitse ko tef ɗin tela: wanne za ka saya?

Idan ka leƙa kantin magani na Nahdi ko kantin Jarir a Jidda, za ka tarar da sikelin da ake cewa bayan nauyi har yawan kitsen jikinka yake faɗa. Kafin ka zaro riyal ɗinka, ka san abin da kake son aunawa.

Jiki ba ya yi sai da kitse. A cikinsa bitamin A, D, E da K suke narkewa, shi ke kare ƙoda daga bugu, kuma idan ya yi ƙasa ƙwarai a jikin mace, al'ada na iya ɗaukewa. A ma'aunin da masu koyar da motsa jiki suke bi, namiji na cikin daidai idan kitsensa ya kama daga kashi 14 zuwa 24 cikin ɗari na nauyin jikinsa, mace kuwa 21 zuwa 31. Sai dai inda kitsen ya taru ya fi yawansa muhimmanci. Wanda ya nannaɗe hanta da hanji shi ke tafiya da ciwon suga da hawan jini.

Sikelin zamani irin na Xiaomi, Beurer ko Omron ɗan lantarki yake turawa ta tafin ƙafa, wanda ba za ka ji ba, sannan ya yi ƙiyasi daga ruwan da ke jikinka. A nan gizo ke saƙar. Wanda ya yini a zafin Makka, ko mai azumi kafin Magariba, ruwan jikinsa ya ragu, lambar sai ta karkace. Ka hau bayan ka ci mandi, wato shinkafa da nama, ka kora da shayi, ka ga wata lambar daban. Amfaninsa kawai ka riƙa hawa da safe kafin ka karya, ka ga inda lambar ta dosa cikin watanni. Mai maƙama a hannu ya fi na ƙafa zalla, domin na ƙafa bai cika gane tumbi ba. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya taka shi sam, mai juna biyu ma ta haƙura.

Na'urar InBody da ke wasu wuraren motsa jiki hanyarta ɗaya da wannan, ta dai fi ƙwarewa. Hoton DEXA na asibiti ya fi su duka daidaito, amma da tsada, kuma ba abin maimaitawa ne kowane wata ba.

Ni da za a tambaye ni, tef ɗin tela zan ce a fara saya, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Tumbi za ka auna da shi: ka zagaya shi a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan ka fitar da numfashi, ban da shanye ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa haɗari daga santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, ya tsananta a 102 da 88. Hanya mafi sauƙin riƙewa: kada awon ya kai rabin tsayinka. Mai tsayin santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85, idan ya zarce ya je a duba masa suga.