Dodon Loch Ness ya fi ban tsoro a takarda

Littafin "Doctor Who and the Loch Ness Monster" ɗan siriri ne, a zama ɗaya mutum zai cinye shi. Terrance Dicks ya rubuta shi, Target Books ta buga a 1976, bayan BBC ta nuna labarin kashi huɗu a 1975 da sunan "Terror of the Zygons", zamanin da Tom Baker ke fitowa a matsayin Dakta, jarumin shirin. A lokacin na'urar bidiyo ba ta wadata a gidaje ba, wanda shiri ya wuce shi sai dai ya nemi irin wannan littafi.

Labarin ya fara ne da rugujewar rijiyoyin mai a tekun da ke gefen Sikotilan, ba a san mai yi ba. Ashe wasu halittu ne daga wata duniya, Zygon, suka ɓoye jirginsu a ƙarƙashin Loch Ness, tafkin Sikotilan da aka daɗe ana jita-jitar akwai dodo a cikinsa, suna rikiɗa su ɗauki kamannin mutanen gari. Dodon kuma, Skarasen, dabbarsu ce, nononsa suke sha su rayu. Wannan dabarar ta burge ni ƙwarai: dodon da duniya ke nema, ashe saniyar tatsa ce ta wasu.

Na kalli shirin bayan na gama karatu, kuma nan ne littafin ya ci kasuwarsa. Dodon talabijin ɗan tsana ne mai motsi a daddafe, da ya ɗago kai sai dariya ta kama ka. A takarda kuwa babu ruwan marubuci da kasafin kuɗin BBC. Ya ba ka hazo da duhun ruwa, sauran kai za ka ƙarasa da zuciyarka, kamar yadda labarin 'yan ruwa ke hana yaro zuwa rafi alhali bai taɓa ganin komai ba.

Inda na ji haushi shi ne gaggawa. Dicks ba ya tsayawa, ko'ina sauri yake, tafkin kansa bai samu rabonsa ba. Ga ruwa mai zurfin kusan mita 230, baƙi ƙirin saboda ruɓaɓɓen ganye da ke gangarowa daga tsaunuka. Ga jita-jitar da ta ɓarke a 1933, ga hoton dodon nan da jaridar Daily Mail ta buga a 1934, wanda sai a 1994 aka fallasa cewa jirgin ruwa ne na wasan yara aka liƙa wa kai. Marubucin 1976 bai san wannan fallasar ba, ba laifinsa ba ne, amma ko tsegumin mutanen gari kan dodon ai da ya ƙara masa shafi biyu.

Turancinsa mai sauƙi ne, ɗan sakandare zai bi shi ba tare da ƙamus ba. Wanda bai san Dakta da abokan tafiyarsa Sarah Jane da Harry ba zai ɗan yi lalube a farko. Tsohon bugu na samu, takardar ta yi ja, sai ana buɗewa a hankali.