Hattara da mai "ƙara wa imel wuri" a ranar kasuwa

Salamu alaikum jama'ar Ringim da Taura, musamman masu cin kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Akwai wani saurayi da ke zagayawa kusa da rumfunan masu cajin waya, yana cewa in Gmail ɗinka ya cika zai saka maka sabuwar manhajar imel wadda ba ta cika har abada, ya haɗa maka da memori, duka naira dubu uku. Ɗan damfara ne, kuma ƙanena ya faɗa hannunsa.

Yaron yana jiran saƙon JAMB, sai waya ta nuna masa wurinsa ya cika. Hankalinsa ya tashi. Mutumin ya karɓi wayar da fara'a, ya ce, "Ƙanena, kwantar da hankalinka, ba ni kalmar sirrinka, in lamba ta shigo ka karanto min." Ya tura masa wata manhaja daga tasa wayar. Ba a kwana biyu ba aka canza kalmar sirrin, aka ƙwace Facebook ɗinsa, aka fara roƙon kuɗi da sunansa. Gwaggonmu, da kuɗin gyaɗarta, ta je wajen mai POS ta tura, tana zaton yaro ne ke cikin matsala. Wannan ne ya fi ƙona min rai.

Ku fahimci abu ɗaya. Saƙonninku ba a cikin manhaja suke ba, suna rumbun Google ne, manhaja ƙofar shiga ce kawai. Ko ka canza ƙofa sau goma, rumbu bai ƙara girma ba. Google na ba kowane asusu 15 GB kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk daga nan suke ci. Tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android, wato kwafin saƙonni da hotuna da bidiyo da yake ajiyewa a Google, ita ma ta shiga lissafin. Shi ya sa bidiyon biki da na wa'azi ke cinye wurin, ba imel ɗin kansa ba. Memori kuwa waya yake ƙara wa wuri, babu ruwansa da Gmail. Wanda aka sayar wa ƙanena ma, an rubuta 64 GB a jiki, amma duk hoton da ya zuba sai ya ƙi buɗewa.

Gyaran ba ya buƙatar ko sisi. Shiga saitin WhatsApp ka hana bidiyo shiga ajiya. A Gmail, rubuta larger:10M a wurin bincike, manyan saƙonni za su fito, ka goge marasa amfani. Sannan ka zubar da kwandon shara na Gmail (Trash), domin abin da ka goge yana nan kwana 30 yana cin wuri. Mai son ƙari na gaske, Google One, wato tsarin sayen ƙarin wuri na Google, ake biya kai tsaye. Manhaja kuma, daga Play Store kaɗai za ka sauke.

In ka riga ka ba wannan saurayin wayarka, yau ɗin nan ka canza kalmar sirri, ka cire manhajar, ka fitar da duk wata baƙuwar waya daga asusunka, ka sanar da bankinka. Wanda ya gan shi Lahadi mai zuwa, don Allah kada a dake shi, a kai shi wurin sarkin kasuwa ko 'yan sanda.