Yamaha Banshee 350 na hannu: ra'ayina bayan na daɗe ina hawa

Tunda 'yan uwa sun dame ni da tambaya akan babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da nake hawa a nan Arizona, bari in faɗa muku gaskiyar abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi, saboda wani zai ga hoto ne kawai ya ɗauka abin wasa ne ya je ya zuba dalolinsa a gun da bai dace ba.

Banshee dai Yamaha suka fito da shi a 1987, aka sayar da shi a Amurka har 2006, dokar rage hayaƙi ce ta kashe masa kasuwa, shi da ƙaninsa Blaster 200. Ke nan duk wanda zaka samu yau na hannu ne, mafi ƙuruciya a cikin na Amurka ma ya doshi shekara 20. Injinsa tu-sturok ne, wato irin mai hayaƙin nan da ke ƙona baƙin mai tare da fetur, silinda biyu, 347cc, yana da lagireto ruwa ke sanyaya shi, kuma asalin injin daga babur ɗin titi RZ350 aka ɗauko. Giya shida da kuloci, kaca ke jan ƙafafun baya. Babu sitata sai kik, babu ribas, in ka shige lungu sai dai ka sauko ka ja abinka da hannu, kuma nauyinsa wajen kilo 175 ne ba mai a ciki. Baƙin mai kuwa da hannunka zaka gauraya shi da fetur kafin ka zuba a tanki, irin yadda muke yi wa ƙaramin janareton nan na shago a gida. Ni 32:1 nake haɗawa, wato kamar mililita 310 a lita 10, kuma mai na tu-sturok mai kyau nake saye ba na neman araha a wannan fannin ko kaɗan.

To me yasa mutum zai bar sabbin Raptor 700 da YFZ450 masu sitata da komi ya zo ya sayi tsoho mai hayaƙi? Wallahi sai ka hau a rairayi zaka gane. In yana juyawa a hankali injin ba ƙarfi gare shi ba, in ka sake kuloci da sanyin jiki ma mutuwa zai yi, amma da zarar ya ɗau wuta ƙarar ta canza ta koma siririya sai ka ji an fizge ka gaba ɗaya, hannu na neman barin kan babur, ka sa giya ta gaba ya sake fizga, haka har sama. A Glamis da ke kudancin Kalifoniya, inda tuddan rairayi suke jere iya ganinka, nan ne gidansa, ka sa masa tayoyin baya masu fiffike ka tunkari tudun da suke kira Oldsmobile Hill, ƙarar silinda biyun nan tana tashi, ni dai ban hau wani abu da ya ba ni wannan daɗin ba. Kuma ba mu kaɗai ba, Larabawan Saudiyya da Dubai da Kuwait ma suna matuƙar son sa, suna ƙara masa ƙarfi suna tseren hawa tudu da shi.

Amma a daji mai itatuwa da duwatsu da kwana-kwana wahala ce zalla, kullum hannunka na kan kuloci, shakazoban da ya zo da su na zamanin da ne bayanka zai gaya maka, ga shan mai, tankin lita 12 ne kuma baya daɗewa in kana murɗa shi. Mai neman na zuwa gona ko ɗaukar kaya kar ma ya kalle shi.

Yanzu maganar saye, wadda ita ce ta fi damuna. Matsalar Banshee ba daga kamfani take ba, daga hannayen da ya bi ne. Abu ne da samari suka yi ta saye suna sayarwa shekara da shekaru, kowa ya zo ya canza salansa, ya buɗe akwatin iska, ya rarake silinda, ba tare da ya gyara jet ɗin kafireta, wato 'yar ƙofar da mai ke bi, ba, to iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, injin ya ɗau zafi, fistin ya narke. Na je duba da yawa a Facebook Marketplace kafin in samu nawa, mai shi ya ce maka sabon gyara ne kwanan nan aka yi inji, ka ce ina rasit sai kame-kame. In babu rasit ɗin kayan da aka sa da sunan garejin da ya yi aikin, ka ɗauka ba a yi ba, ka yi ciniki akan haka.

Ka gaya wa mai shi kar ya tada kafin ka iso, ka taɓa silinda ka ji da sanyi, lafiyayye kik kaɗan yake buƙata. Ka tafi da gejin kwamfureshan mai auna matsin iska a cikin silinda, injin da ba a taɓa ba yana ba da wajen 120 psi a gejin, amma abin da ya fi muhimmanci silinda biyun su zo kusa da juna, in ɗaya ya yi ƙasa sosai akwai magana. Ka kwance fulogi biyun ka duba, ruwan ƙasa shi ne lafiya, fari fat alamar mai baya isa. Sannan wanda mutane suke rainawa kuma shi ne yake cinye injin tu-sturok, wato zuƙar iska ta oyil sil ɗin kiranshaf ko ta robar kafireta, ana toshe ƙofofin injin a hura iska kamar 6 psi a ga ko zai riƙe na wasu mintuna, in allura tana sauka to yana yoyo, kuma irin wannan zaka ji shi yana gudu kamar me har ranar da zai kama ya tsaya cak. Nawa da na kawo gida na tarar mai shi na baya ya liƙe robar kafireta da gam, Allah ya taimaka gwajin nan ya nuna tun ban fita da shi ba. Ka kuma leƙa ƙasan firam ka nemi walda ko tsagewa, ka girgiza aksul ɗin baya ka ji ko boris sun tafi, ka duba lambar firam ta yi daidai da takarda, don Banshee na cikin abin da ɓarayi suke so, wanda aka goge lambarsa ko kyauta ne ka bar shi.

Na farko-farkon suna da ƙafar gaba da ake kira J-arm, daga baya aka koma A-arm wadda ta fi samun kayan gyara, ni na bayan nan nake ba da shawara. Akwai kuma TORS, na'urar da ke kan kafireta mai yanke wuta in totur ya maƙale, in ta tsufa tana sa shi sheshsheƙa, mutane da yawa cirewa suke, ba laifi in an yi aikin da kyau amma ka tabbata totur na komawa da kansa.

Kuɗi kam ya tashi. Tunda ba a ƙera sabo, mai tsabta da ba a taɓa ba wani lokaci ana neman abin da ya wuce farashinsa yana dal, kuma duk da haka ni gara in ƙara kuɗi in ɗau wannan da in ɗau mai araha da aka sha buɗewa. Abin da ya sa na fifita shi akan Honda TRX250R, wanda aka yi daga 1986 zuwa 1989 kuma gaskiya ya fi shi daɗin sarrafawa a kwana, da Suzuki LT500R da suke kira Quadzilla na 1987 zuwa 1990, shi ne kayan gyara. Shekaru kaɗan aka yi ana ƙera waɗancan, neman wasu kayansu sai ka sha wuya, Banshee kuwa fistin, ringi, gasket, kiranshaf, har silinda sukutum kana oda yau cikin sati ya iso. Sabon shiga kuma ko yaro matashi, Blaster 200 ya fi masa, silinda ɗaya, iska ke sanyaya shi, yana da famfon da ke haɗa mai da kansa, in da hali a nemi na 2003 zuwa sama don daga nan ne birkin gaba ya koma na faifai.

Wani ɗan uwa ya tambaye ni ko ya saya a tura masa Kano. Tsofaffin kanikawanmu da suka yi zamanin Vespa da Suzuki mai hayaƙi ba za su rasa gane injin ba, sai dai kusan komi nasa daga waje zaka yi oda, daidaita kafireta biyu kuma sai mai haƙuri, ga ƙurar hunturu wadda in ba ka wanke soson iska kana shafa masa mai akai-akai ba zata cinye ringi. In ya amince da wannan to ya haɗa da fistin da ringi da gasket da fulogi na ajiya a kwantena ɗaya, da hular kwano mai kyau, don abin nan ba shi da rufi kuma yana kifewa.