Yini guda a bakin tekun Kwatano: ina ya fi dacewa a nufa?

Duk ɗan Damagaram da ke saukowa Kwatano sayen mota ya san ranar zaman jira. Ka biya kuɗi a Sekanji, inda ake sayar da motocin, takardu suna wajen duwan, an ce maka sai jibi, ba abin da ya rage sai shan shayi a Zango. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 tafiyar ta ƙara wuya, don haka wanda Allah ya kawo shi bai kamata ya koma gida bai ga teku da kyau ba. Ni dai shawarata a ɗauki shatar mota ta yini guda, a bi hanyar masunta, wadda ke bin bakin teku, har garin Wida.

Direban da na saba ɗauka Bahaushe ne haifaffen Zango, yana jin Fon da Faransanci kamar yadda yake jin Hausa, wannan kuwa shi ne rabin amfaninsa. Tun da dare muke gama ciniki, har da kuɗin mai da lokacin dawowa, kuma bai taɓa ƙara mini ko dala a kan hanya ba. Motar tsohuwar Toyota ce, na'urar sanyinta ba ta aiki, shi da kansa ya faɗa mini tun kafin in tambaya. Bayan sallar asuba yana ƙofar masauki. Aibinsa guda: yana da wani aboki mai sayar da tsarabar baƙi da tsada, kuma sai ya san yadda ya yi ya tsaya a can. Ka ce masa "Malam, yau ban da shagon nan" tun kafin ku tashi, zai yi dariya ya wuce.

Cikin wuraren shaƙatawa na bakin teku, Fijirose ita ce mafi kusa, bayan filin jirgin sama take, ko zemijan, ƴan kabu-kabun nan masu rawayar riga, za su kai ka. Ba ta buƙatar shata. Da maraicen Talata ko Laraba tana da daɗin zama. Asabar da Lahadi kuwa kiɗa ne ta kowace kusurwa, ga giya, ga cunkoso, ga leda a cikin yashi. Ba zan kai iyalina can a ƙarshen mako ba. Gabas da tashar jiragen ruwa, wajen Akpakpa, teku ta ci gaɓa sosai har an jera manyan duwatsu don tare ta, wurin bai dace da shaƙatawa ba.

Garan Popo ta fi duka kyau da natsuwa, amma tana wajen kilomita 80, dab da iyakar Togo. Abin kallon can shi ne inda kogin Mono yake shiga teku, sai da kwalekwale ake isa. Kafin ka je, ka yi ciniki da mai jirgi, ka dawo, rana ta yi. Wurin kwana ne, kada a yi masa gaggawa.

Hanyar masunta daga ƙarshen Fijirose take farawa, ta miƙe yamma kimanin kilomita 40. Teku tana hagu, tafki da itatuwan cikin ruwa suna dama, kwakwa a jere iya ganinka. Farkonta kwalta ne. Lokacin da na bi ta akwai sashen da yashi ne zalla, a nan na ga gwanintar direban, ya san inda ake sassauta ƙafa da inda ba a tsayawa. Mun tarar da masunta suna jan koma. Igiya biyu ce ta fito daga cikin ruwa, kowace da mutane sun fi ashirin, maza da yara, suna ja da baya taki ɗaya ɗaya, wani yana ba da waƙa suna amsawa. Wanda ya kai ƙarshen igiya sai ya saki ya koma gaba ya sake kamawa. Mata suna zaune da manyan robobi suna jira. Wani dattijo ya miƙa mini igiyar ya yi nuni in ja, na ja, gishiri da yashin da ke jikinta suka ci mini tafin hannu. Koma ta fito da ƙananan kifi masu ƙyalli, da kaguwa, da leda mai yawa, abin ya sosa mini rai ganin wahalar da suka sha.

Kusa da nan akwai bukkar wata mata da direban ya san ta. Kai za ka zaɓi kifinka ɗanye, ka duba jan da ke cikin kunnensa, a yi ciniki, sannan ta gasa shi kan gawayi. Ta kawo shi da akasa, tuwon masara mai ɗan tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyar ayaba, da niƙaƙƙen barkono kore wanda ya fi yajinmu zafi nesa ba kusa ba. Kifin ya gasu har ƙashi bai bushe ba. Sai dai a yi haƙurin jira, mun kusa awa guda, kuma ruwan wanke hannunta kaɗan ne. Giya ba ta sayarwa, kwakwa ce ake sare maka a sha. A ci ciniki kafin wuƙa ta taɓa kifi.

Maganar shiga ruwa, ina roƙon ƴan uwa don Allah a kiyaye. Wannan ba tafkin Gidimuni ba ne. Gaɓar tana da gangara, igiyar ruwa idan za ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ta ja ka ciki, kuma a yawancin wuraren babu mai ceto. Ƴaƴan masunta ma da aka haifa a nan suna shakkarta. Iyakar idon sawu ya isa, yaro kuwa a riƙe hannunsa. Don salla a tafi da tabarma. Ruwan teku yana alwala, alƙibla kuma sai ka bar tekun a hannun dama ka ɗan karkata arewa.

A Wida hanyar ta ƙare, a gaban ƙofar nan da aka gina a 1995 don tunawa da bayin da aka loda a jiragen ruwa daga wannan gaɓa zuwa Barazil da tsibiran Karibiyan. An zana su a jikinta a jere, ɗaure, suna fuskantar teku. Daga dandalin cikin gari inda ake cinikinsu zuwa nan kimanin kilomita 4 ne, da ƙafa aka koro su. Na daɗe tsaye a wurin. Masu jagora za su kewaye ka, a bar direba ya zaɓi ɗaya ya daidaita da shi. Wajen 10 ga Janairu ake bikin bodun, addinin gargajiya na ƙasar, garin ya cika maƙil, mai son natsuwa ya kauce wa lokacin.

Komawa ta babban titi ake yi, ya fi sauri. A bar Wida da an yi la'asar, domin idan magariba ta same ku a Godome, cunkoson shiga Kwatano zai cinye muku fiye da awa guda.