Sharhi: takardun koyar da fahimtar karatu a kan malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta

Ƙunshin takardu ne da na saya ta intanet, na sauke a waya na kai shagon kwafi aka buga mini. Da Turanci yake, don 'yan firamaren Amurka aka tsara shi, ni kuma 'yan aji biyar na koyar da shi zangon da ya wuce. Gajerun nassoshi ne, kowanne da dabararsa: hasashe tun daga take, fitar da jigon sakin layi, jera abubuwa bi da bi, da kwatanta abu biyu.

Yaran ajina sun iya haɗa baƙi. Yaro zai karanta shafi babu gargada, ka rufe takardar ka tambaye shi me aka ce, ya zuba maka ido. Wannan ciwon na nemi magani, kuma shafin kwatantawa ne ya fi taɓa shi. Da'ira biyu ne masu shiga juna. Gefe ɗaya malam-buɗe-littafi: yawanci da rana yake yawo, in ya sauka ya haɗe fukafukansa sama, 'yan ƙahonninsa na da ƙulli a ƙarshe. Ɗaya gefen faɗa-wuta: galibi da dare, ya shimfiɗa fukafukai, ƙahonninsa kamar zare ko gashin tsuntsu. A tsakiya abin da ya haɗa su: ƙwai, tsutsa, kwanciya cikin kwanso, sannan fitowa da fukafukai. Dokar shafin ita ce ba ka rubuta komai sai ka ja layi ƙarƙashin jimlar da ka samo shi. Nan da nan “Malam, ai na sani” ta daina aiki, yara suka koma cikin rubutun suna musu da juna da yatsa a kan layi. Ko don wannan shafin kaɗai ban yi asarar kuɗina ba.

Akwai kuma jadawalin nan mai gida uku da Donna Ogle, wata masaniyar koyar da karatu a Amurka, ta fito da shi a 1986: abin da na sani, abin da nake son sani, abin da na koya. Gidan farko ya cika da wuri, domin kowa ya san masu kewaye ƙwan lantarki da damina. Amma ba su san cewa asun da ke huda tufafi a akwati tsutsar faɗa-wuta ce ba.

Inda ƙunshin ya gaza shi ne misalansa. Kusan rabinsa labarin wani jinsin malam-buɗe-littafi ne da ke ƙaura daga Kanada da Amurka zuwa Meziko, tafiyar kilomita wajen 4,000. Labari mai daɗi, sai dai ba a hasashe a kan abin da ba a taɓa gani ba, ajin ya yi tsit. Dole na rubuta nawa nassoshin a kan tsarin nasu: ɗan'uwan wancan jinsin mai ruwan lemo da tsutsarsa ke cin ganyen tumfafiya a bayan makarantarmu, tsutsar da ta fara addabar masara a Najeriya a 2016, da zaren tsamiya, wanda wata tsutsar faɗa-wuta ke saƙawa, da ake yi wa manyan riguna aiki da shi. 'Ya'yan manoma, waɗanda da ba su cika magana ba, su suka karɓe ajin ranar masara.

Hotunan masu launi ne, kwafin baƙi da fari ya mayar da su gawayi. Ayyukan yanka da manne kuwa sun ɗauka kowane yaro na da almakashi da gam, sun kuma ɗauka ajin bai wuce mutum ashirin ba. Tambayoyin canki-canka na ƙarshe sun yi sauƙi, ana cinye su ba tare da karatu ba, don haka na tsallake su.

Malamin da zai saya ya buga hotunan da launi kwafi ɗaya ya manna a allo, sauran ya yi baƙi da fari, ya kuma ware lokacin rubuta nassoshi biyu ko uku na gida kafin ya shiga aji.