Quantmod ya raba ni da kwafar farashi da hannu

Ina aikin digirina na biyu kan hannun jari a nan Samaru, kuma da farko kamfani-kamfani nake bi ina sauke farashi. Kamfanoni 30, ga wuta sai ta ga dama! Wani abokina a Kongo, nan Zariya, ya ce, "Malam, ka gwada quantmod a R mana."

R yaren kwamfuta ne na nazarin alƙaluma, quantmod kuma ƙari ne da ake saka masa don bayanan kasuwar hannun jari. Kyauta ne. Na zuba lambobin kamfanonin, irin su AAPL (Apple) da MSFT (Microsoft), a jeri guda, na sa lapply, umarnin R mai maimaita aiki a kan jeri, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kiran getSymbols, umarnin quantmod mai sauko da farashi. Kafin shayina ya huce, farashin kowace rana tun daga 2007 ya sauko daga Yahoo Finance.

Sai dai a kula da auto.assign, wani saiti a cikin getSymbols. In ba ka mai da shi FALSE ba, sunayen kamfanonin kawai za su dawo cikin jerin, bayanan kuma su watse a wani wuri. Wannan ya ci min yini guda, laifina ne kuwa. Haka in lamba ɗaya ta yi kuskure, komai tsayawa yake, sai da na kewaye getSymbols da tryCatch, umarnin da ke tare kuskure don aiki ya ci gaba.

Yanzu ƙanwata ma da shi take aikinta.