Dafa zoɓo da kunun sayarwa da lantarki a gidan bene: wanne ya dace a saya?

Mai dafa zoɓo ko kunun zaƙi lita 20 a gidan bene ba ta da tsakar gidan hura itace, kuma ba kowane mai gida ne ke yarda da babbar tukunyar gas a ɗaki ba. Sai lantarki. Amma kafin a shiga kasuwa, a fara duba soket ɗin kicin, domin shi ne zai yanke abin da za a iya saya.

Wutar Najeriya bolt 230 ce, soket mai ƙafa uku irin na Ingila kuma amfiya 13 yake ɗauka, wato wat 3,000 ne iyakarsa. A kai shi iyaka na awa guda cur, fulogi zai yi zafi, in wayar bango siririya ce har warin roba za a ji. Don haka wat 2,000 zuwa 2,500 shi ne daidai, a kan waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, kai tsaye a bango. Jonawa ta doguwar wayar nan mai ramuka huɗu da ake cajin waya da ita kuwa, neman gobara ne.

Ɗaga ruwa lita 20 daga digiri 25 zuwa tafasa yana cin wajen yunit 1.75 na mita, ko da zafin bai zurare ko'ina ba. Da wat 2,000 minti 52 ke nan a lissafi, a zahiri awa guda da 'yan mintuna. Abin da masu saye ba su cika lura da shi ba shi ne raunin wuta. Idan ta sauka zuwa bolt 180, na'urar wat 2,000 ba ta ba da fiye da wat 1,200 da ɗoriya, sai aikin awa ɗaya ya doshi awa biyu. Ƙaramin janareto mai wat 900 ba ya cikin zancen.

Mafi araha ita ce hita, zoben ƙarfen da ake tsomawa a bokiti. Zafinta duka cikin ruwa yake shiga, ba asara. Ga kunun zaƙi tana iya wadatarwa, tunda ruwa zalla ake tafasawa a sheƙa a kan ƙullu. Sai dai yawancin na kasuwa ba su da wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, in rufin ya tsage ruwan gaba ɗaya ya ɗauki wuta, in kuma ruwa ya ja ƙasa ta ƙone nan take. Gidan da yara ke kai-komo, ba mu ba da shawararta sam. Ba a kuma tsoma ta cikin zoɓo, tsaminsa yana cin fentin ƙarfen.

Risho na lantarki mai faranti yana karɓar kowace tukunya, kuma ko wuta ta yi rauni ba ya mutuwa, jan ƙafa kawai yake yi. Matsalarsa faɗi: farantin bai kai gindin babbar tukunya ba, zafi mai yawa yana tsere wa ta gefe, kuma mai ido ɗaya galibi wat 1,000 ne zuwa 1,500. Lita 10 zai yi, lita 20 wahala ce.

Indokshan, rishon lantarki mai saman gilashi da ke aiki da maganaɗisu, ya fi shi tattalin wuta nesa ba kusa ba, don gindin tukunyar ne da kansa ke yin zafi. Amma yana da sharuɗɗa. Tukunyar alminiyam ba ta aiki a kansa; a tafi kasuwa da maganaɗisu, tukunyar da ya manne wa gindinta ita ce. Dama zoɓo bai kamata ya daɗe a alminiyam ba saboda tsami, sitenles ya fi. Na biyu, cikakkiyar tukunyar lita 20 ta haura kilo 20, gilashin ƙanana kuma ba duka ke jure wannan ba, a karanta takardarsa. Na uku, in wuta ta yi ƙasa sosai lamba zai nuna ya ɗauke. Unguwar da wutarta ke rawa, kuɗin zai tashi a banza.

Wadda muka fi so ita ce tukunyar sitenles mai hita a jikinta da famfo a ƙasa, irin ta shayin taro, lita 25 zuwa 30. A nemi wadda hitarta ke ɓoye ƙarƙashin gindi. Mai hita a fili, ganyen zoɓo da citta da kanumfari suna maƙale mata, su kama, ƙauri ya shiga abin sha. Ko a mai ɓoyayyar hitar, gara a ɗaure ganyen a jakar yadi mai tsabta don kada famfo ya toshe. A tambaya ko maɓallinta na barin ta ci gaba da tafasa, don wasu da sun kai digiri 100 suke kashe kansu. Mai lambobin zafi tana da wani amfani ga masu kunu da tsiron hatsi: tsiro yana narkar da sitaci ya koma zaƙi tsakanin digiri 60 da 70, in zafi ya doshi 80 aikinsa ya mutu. Famfon kuma ya raba mutum da ɗaga tafasasshen ruwa, wanda nan ne aka fi ƙonewa. Ƙullu dai kada ya shiga cikinta, zai yi ƙanzo a gindi.

Kowacce aka zaɓa, a sa mai gyaran wuta ya tabbatar soket ɗin na da wayar ƙasa, ya kuma ɗaura makashin kariya mai miliamfiya 30, wanda ke ɗauke wuta da zarar ta fara zurarewa. A ajiye tukunyar kusa da taga: awa guda tana tafasa a buɗe, lita 2 zuwa 3 na ruwa ke zama tururi, kuma a bango da silin yake sauka, daga baya funfuna ta fito. Rufe murfi har ta tafasa da naɗe jikinta da tsohon bargo, nesa da wayar, suna rage lokaci da yunit, abin da masu layin Band A, rukunin da aka fi ba wuta, za su ji a aljihu tunda kuɗin yunit ɗinsu ya haura naira 200 a Afrilun 2024.